Me ya dawo da Dallas a 2012, kuma me ya kashe shi bayan zango uku?

Wani matashi mai koyon rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango ya turo mini wannan tambaya: "Malam, na ci karo da wani shirin Amurka mai suna Dallas na 2012, na kalli kashi biyu ya kama ni. Da na ba Baffana labari sai ya yi dariya, ya ce ai su sun san J.R. tun ba a haife ni ba. Shin tsohon aka maimaita? In kuma ya yi suna haka, me ya sa aka tsayar da sabon bayan zango uku kacal? Sai na kalli tsohon kafin in gane wannan?"

Ƙanena, Baffanka ya faɗa maka gaskiya. Abin da ka kalla ci gaba ne: gida ɗaya, dangi ɗaya, kuma wasu daga cikin 'yan wasan na dā da suka rage a raye su ne dai suka dawo da furfurarsu, aka ɗora labarin bayan shekara 21 da yanke shi. Tunda rubutu kake koyo, bari in ba ka amsar da za ta yi maka amfani a kan teburinka, ko da za ta ɗan yi tsawo.

Tashar CBS ce ta fara haska Dallas na asali ranar 2 ga Afrilu, 1978, kuma David Jacobs ne ya ƙirƙiro shi. Kashi biyar kawai aka fara yi don gwaji. Sai ga shi bai tsaya ba sai 3 ga Mayu, 1991, bayan zango 14 da kashi 357. Irin wannan wasa Amurkawa suna yi masa laƙabi da sabulu, domin tun zamanin rediyo a shekarun 1930 kamfanonin sabulu ne ke ɗaukar nauyinsa da rana, lokacin da matan gida ke aikace-aikace. Dallas ba shi ne na farko da ya kai salon cikin dare ba, amma shi ne ya nuna cewa za a iya tara maza da mata, manya da yara, a daren Juma'a a kan rigimar gida ɗaya.

Tushen rigimar tsoho ne. Jock Ewing da Digger Barnes abokan haƙar mai ne tun suna samari a jihar Texas. Jock ya yi arziki, Digger ya ƙare a gidan giya yana ta faɗin an cuce shi, ga shi kuma yarinyar da yake so, Miss Ellie, Jock ta aura, ta tafi masa da gonar kiwon ubanta mai suna Southfork. Labarin ya buɗe ne ranar da autan Jock, Bobby, ya shigo gida da amarya ba tare da sanin kowa ba, amaryar kuwa Pam ce, 'yar Digger. Babban wa, J.R., ya sha alwashin sai ya fitar da ita. Ɗan'uwanta Cliff Barnes shi ma ya sha nasa alwashin sai ya ga bayan gidan Ewing.

Ga abin da nake so ka riƙe, domin duk sauran amsar a kansa za ta tsaya. Waɗannan attajirai, da kowannensu zai iya gina unguwa guda, gida ɗaya suke kwana. J.R. da matarsa Sue Ellen, Bobby da Pam, tsoho da tsohuwa, da jika Lucy. Ga Ba'amurke wannan baƙon abu ne, mu kuwa sunansa gidan gandu. Wa zai yi wa ƙaninsa zagon ƙasa a ofis da rana, da daddare kuma dole ya zauna kusa da shi a teburin cin abinci, ya miƙa masa gishiri a gaban uwarsu, yana murmushi. Faccaloli biyu da ba sa ga maciji suna haɗuwa a matakala kullum. Babu mai iya tafiya, domin wanda ya bar gidan ya bar wa ɗan'uwansa fili, kamar yadda na tsakiya, Gary, ya yi. Daga wannan ƙunci ne shekara 13 na labari suka fito. Man fetur da kamfanoni da manyan motoci ado ne a kai.

Abubuwa biyu daga tsohon shirin kowa ke tunawa. Ranar 21 ga Maris, 1980, aka rufe zango da wani ya harbe J.R. a ofishinsa, ba a nuna fuskar mai bindigar ba. Wata takwas ana jira, har da yajin aikin 'yan wasa da ya ƙara jan lokacin, duniya na ta cacar baki kan wane ne. Ranar 21 ga Nuwamba aka warware, sama da mutum miliyan 80 suna kallo a Amurka kaɗai: Kristin ce, ƙanwar matarsa kuma daduronsa. Na biyun abin kunya ne. A 1985 Patrick Duffy, mai fitowa a Bobby, ya bar shirin, aka kashe Bobby. Da aka ga gidan ya yi sanyi sai aka lallaso shi ya dawo a 1986, Pam ta farka daga barci ta same shi yana wanka a banɗaki, aka ce duk zangon da ya wuce mafarkinta ne. Shekara guda ta hawayen masu kallo aka share da soso. Ina gaya wa ɗalibaina kullum, duk ramin da ka faɗa a rubutu, ka nemi kowace irin igiya ban da wannan.

To, me ya dawo da shi? Kuɗi ne, ba wani abu ba. Kamfanin Lorimar da ya shirya na asali tuni Warner ya haɗiye shi, tashar TNT da ta haska sabon kuwa 'yar gida ce a wajen Warner. Suna ne a ajiye a sito wanda ba ya bukatar a gabatar da shi ga kowa. Aka ba marubuciya Cynthia Cidre aikin, aka haska kashin farko ranar 13 ga Yuni, 2012, kuma kusan mutum miliyan 7 suka kalla. Ga tashar da sai an biya ake kamawa, wannan babbar kasuwa ce.

Kuma a gaskiya farkon ya yi kyau. Dabarar da aka yi ita ce aka dasa rigimar a cikin ƙasar gidan kanta. John Ross, ɗan J.R. da Sue Ellen, wanda Josh Henderson ya fito a matsayinsa, ya yi haƙa a ɓoye ya gano mai mai yawa a ƙarƙashin Southfork. Wasiyyar kakarsa Miss Ellie kuwa ta hana a haƙa rijiyar mai a gonar. A nan sai na yi maka ɗan bayani, domin a Najeriya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko a tsakar gidanka ya ɓullo. A Texas mutum na iya mallakar abin da ke ƙarƙashin gonarsa, har ma ana iya raba takardar saman ƙasa da ta abin da ke cikinta, kowace da mai ita. Shi ya sa takarda ɗaya a tsohuwar akwati ke iya hana dangi barci. A ɗaya ɓangaren ga Christopher, wanda Jesse Metcalfe ya fito a matsayinsa, ɗan riƙon Bobby, yana neman hanyar ciro iskar gas da ke daskare a ƙarƙashin teku don a rage dogaro da mai. A dokarsu ɗan riƙo ɗa ne, yana cin gado, amma hakan bai hana John Ross yi masa gorin jini ba a duk lokacin da suka haɗu. Wanda ya san tsohon shirin yana jin zafin gorin fiye da kai, domin ya san uwar da ta haifi Christopher ita ce Kristin da ta harbi J.R. Ga kuma Elena, 'yar mai dafa abincin gidan, da dukansu biyun ke so. Shi kuwa Bobby likita ya gaya masa yana da ciwon daji, ya ɓoye, ya yanke shawarar sayar da gonar ga masu kare muhalli don kada yaran su maimaita abin da shi da wansa suka yi.

Duk wannan gini ne mai kyau. Amma je ka sake kallon kashin farko, ka lura da inda jininka ya motsa. J.R. na zaune a gidan kula da tsofaffi, damuwa ta kwantar da shi, ba ya magana, ba ya ko kallon mai magana. Bobby ya zo ya yi masa maganar zumunci, ko gezau. Sai ɗansa ya shigo yana huci, ya ce masa Bobby zai sayar da Southfork, kuma akwai mai a ƙasa. A nan tsohon ya buɗe ido, gashin girarsa ya ɗaga, ya fara ba da umarni kamar jiya ya bar ofis. Larry Hagman, mai fitowa a J.R., yana da shekara 80 a lokacin, amma cikin minti ɗaya ya kwashe shirin daga hannun samarin ya sa a aljihu. Bayan haka ka gan shi ya je taron manyan makiyaya yana jan ƙarfen dogarawa don a ɗauka ya gama yawo. Sai kuma fitowar shagon aski, wadda ni a wajena ita ce ƙololuwar zangon: John Ross na kwance a kujera, an rufe masa fuska, ya buɗe ido ya tarar wanzamin ya kauce, ubansa ne riƙe da aska a maƙogwaronsa, yana ba shi labarin kakansa a hankali, yana nuna masa ya san cin amanar da yake shirya masa. Ba ihu, ba duka. Uba ne da ɗa da aska, kuma ba ka da tabbacin cewa ba zai yanka ba.

Hagman shi kaɗai ne ya fito a duk kashi 357 na tsohon shirin, alhali da farko ba shi aka gina labarin a kansa ba. An yi masa dashen hanta a 1995, a 2011 kuma ya sanar yana fama da ciwon daji, amma ya ci gaba da aiki. Ranar 23 ga Nuwamba, 2012, ana tsakiyar ɗaukar zango na biyu, ya rasu a wani asibiti a birnin Dallas yana da shekara 81, sankarar jini ce ajalinsa.

Abin da marubutan suka yi da wannan rashi ya cancanci a jinjina musu. Ba su nemo wani ya sa hularsa ba. Sun tattara ragowar hotuna da muryarsa da aka riga aka ɗauka, suka haɗa fitowa ta ƙarshe: J.R. na waya da ɗansa daga Meziko, yana gaya masa yana alfahari da shi, sai ƙarar bindiga. Kashin jana'izar, na 11 ga Maris, 2013, an sassauta kiɗan buɗe shirin ya koma na makoki, tsofaffin fuskoki irin su Gary da Lucy da Ray, tsohon mai kula da gonar, suka dawo, har magajin garin Dallas na gaske ya zo ta'aziyya a cikin wasan. Amma Linda Gray, mai fitowa a Sue Ellen, ita ce ta ɗauki daren. Sue Ellen, wadda J.R. ya jefa a shaye-shaye kuma ta yi shekaru da tuba, ta shiga ɗakinsa ita kaɗai ta tarar da kwalbarsa. Ta daɗe tana kallonta kafin ta zuba. Washegari a bakin kabari ta faɗa da bakinta cewa ta sha, ta karanta wasiƙar da ya bar mata yana neman ta ba shi wata dama. Hawayen da ka gani a fuskokinsu ba duka ne na wasa ba, domin Gray da Duffy aminan Hagman ne na fiye da shekara 30. A ƙarshen zangon aka warware kisan: J.R. ya san ciwon daji zai kashe shi cikin kwanaki, sai ya sa yaronsa mai yi masa bincike, Bum, ya harbe shi da bindigar Cliff da aka sato, don a ɗaure Cliff. Mutum ya mai da mutuwarsa tarko. Babu ƙarshen da ya fi wannan dacewa da shi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Amsar da kowa ke bayarwa ita ce Hagman ya mutu, shirin ya bi shi. Akwai gaskiya a ciki, amma lissafin ya fara lalacewa tun yana kan allo. An ɗauke shirin daga lokacin bazara, da manyan tashoshi ke hutu, aka kai shi watan Janairu, daren Litinin, tsakiyar gasa. Kashin farko na zango na biyu, ranar 28 ga Janairu, 2013, wajen mutum miliyan 3 ne suka kalla, ƙasa da rabin na bara. Da yawa daga cikin miliyan 7 ɗin nan sun zo gaisuwa ne kawai: su ga yadda J.R. ya tsufa, su ji kiɗan, su koma. Kuma duniyar ta sauya. A 1980 manyan tashoshi uku ne a Amurka, ABC da CBS da NBC, abin da ka kalla shi maƙwabcinka ya kalla. A 2012 tashoshi ɗaruruwa ne, ga intanet, ga Netflix. Masu talla kuwa matasa suke nema, su kuma masu ƙaunar Dallas sun manyanta.

Wannan bayanin kasuwa ne. Ni laifin da nake gani a rubutu yake, kuma shi ne zai amfane ka.

Gidan ya rasa babba. Jim Davis, mai fitowa a Jock, ya rasu tun 1981, Barbara Bel Geddes, Miss Ellie, ta rasu a 2005. A tsohon shirin duk muguntar J.R. akwai mutum biyu da yake jin kunya, kuma kusan duk abin da yake yi don ya burge ubansa ne. Mugu mai jin kunyar uwarsa ya fi mugu sakakke daɗin kallo, domin dole ya ɓoye, dole ya yi dabara, dole ya zo cin abinci a kan lokaci. A sabon an ɗora Bobby a kujerar dattijo, amma Bobby ɗan rigimar ne, ba alƙalinta ba. Sabuwar matarsa Ann, da ya kamata ta zama uwar gida, ba a je ko'ina ba ita ma ta ɗauki bindiga ta harbi tsohon mijinta Harris Ryland. To wa za a ji wa kunya?

Su kuma magadan, gadon gida alala ga raggo. Ba na ce yaran ba su iya wasa ba ne. Henderson ya yi ƙoƙari, musamman bayan jana'iza, ka ga yaro yana sa agogon ubansa yana neman muryarsa. Amma J.R. yana cutar mutum yana jin daɗi, yana dariya, kai ma ka samu kanka kana dariya tare da shi kafin ka tuna zalunci ne. John Ross kullum cikin fushi yake. Christopher kuwa an rubuta shi mutumin kirki mai yawan ɗaga murya, kuma babu abin da ya fi wannan gundura. Sannan ga gaggawa. Tsohon shirin yakan yi kashi kusan 30 a zango, makirci ɗaya ya yi wata uku yana nuna. Sabon kashi 10 ne, sai 15, sai 15, jimilla 40, kuma a kowane kashi sai an ci amanar wani sau biyu. Matar Christopher, Rebecca, kafin ka saba da ita an ce 'yar damfara ce, kafin ka huce an ce ai Pamela ce 'yar Cliff, kafin ka zauna ta auri John Ross. Cin amana yana zafi ne in an bar amanar ta yi kwana.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Cliff. Ken Kercheval ya shekara 13 yana fitowa a Cliff, mutumin da kullum ake kayarwa, marowaci, mai ƙorafi, wanda kake tausaya wa ko da ya yi wauta, domin ka san a ƙasan zuciyarsa haƙƙin ubansa yake nema. A sabon aka mai da shi dodo, har ya ba da umarnin tayar da bam a dandalin haƙar gas alhali ya san 'yarsa mai cikin tagwaye na wurin, cikin ya zube. Daga ranar babu sauran ɓangare biyu a rigimar Ewing da Barnes.

Zango na uku, a 2014, shi ne rigimar ta fice daga gida gaba ɗaya. Aka shigo da gungun masu safarar miyagun ƙwayoyi daga Meziko, da garkuwa da mutane, da harbe-harbe. Irin wannan kaya akwai shirye-shirye goma da suka fi Dallas iya sayar da shi. Wanda ya kunna Dallas ya zo ne ya ga 'yan'uwa suna yanka juna da murmushi a falon uwarsu. An kuma raba zangon gida biyu, aka tafi hutun wata huɗu daga Afrilu zuwa Agusta, masu kallo suka ƙara watsewa, har suka koma ƙasa da miliyan 2. Kashi na ƙarshe ya fita ranar 22 ga Satumba, 2014, ranar 3 ga Oktoba TNT ta ce ta gama. Masoya sun yi ta kamfe a intanet, masu shirin sun nemi wata tashar, ba a dace ba.

Don ka ga ɗaya hanyar, dubi kishiyarsa Dynasty, da ABC ta haska daga 1981 zuwa 1989. Da tashar CW ta farfaɗo da shi a 2017, rushewa ta yi ta sake gini: sababbin 'yan wasa a tsofaffin sunaye, aka ɗauke gidan daga Denver zuwa Atlanta. Masu kallonsa a talabijin ba su kai na Dallas ba ko kusa, amma ya yi zango biyar har 2022, domin Netflix na rarraba shi a ƙasashen waje kuma kuɗi na shigowa. Wannan hanya ba ta jingina da lafiyar wani tsoho ba. Sai dai ba za ta taɓa ba ka abin da jana'izar J.R. ta bayar ba, inda shekara 35 na sanayya ke tsaye a bakin kabari ɗaya. In ni aka tambaya, hanyar Dallas zan sake bi, amma tun ranar farko zan rubuta kamar tsohon ba zai kai ƙarshen shekara ba, in ba yaran lokacin da za su zama mutane kafin a bar musu gidan.

Batun ko sai ka kalli tsohon: a'a, sabon yana bayyana kansa, kuma ya yi watsi da finafinan talabijin biyu da aka yi a 1996 da 1998, don haka kada ka wahalar da kanka da su. Amma tunda sana'ar kake so, nemi kashi biyar na farko na 1978, ka kalli yadda ake gabatar da mutum bakwai a gida ɗaya ba tare da an rikita mai kallo ba. Ka ƙara da ƙarshen zangon 1980, ka ƙirga mutum nawa aka ba dalilin harbin J.R. kafin a harbe shi. Daga nan ka dawo kan naka, ka kalli zango na ɗaya da na biyu gaba ɗaya. Na ukun ganin damarka ne, amma ka sani ba a rufe shi ba: motar Christopher ta tashi da bam, John Ross ya gano ubansa ya bar wata 'ya a ɓoye ya sa a nemo masa ita, daga nan allo ya yi duhu. In ka gama, ka koma wajen Baffanka ka tambaye shi wa ya zarga a 1980, ka gaishe mini da shi.